Takin gida: wari, gara da buhun gefen titi

Wata uwargida daga Zariya ta rubuto: "Ina da 'yar gadina a bayan ɗaki, alayyahu da tumatir da attaruhu. Na fara tara ɓawon kayan miya don yin taki, sai wurin ya ɗau wari, ƙudaje suka cika. Maigida ya ce in kwashe. Ya lalace ke nan?"

Kwantar da hankalinki, Hajiya, bai lalace ba. Ɗanyen abu ne ya yi yawa, ruwa ya kwanta, iska ta kasa shiga. Samo busasshen ganye, ko ƙaiƙayi, ko buntun shinkafa, ko karan dawa da aka daddatsa. Duk kwano ɗaya na ɗanyen shara ki zuba masa kwano biyu ko uku na busasshe, ki yayyafa kashin awaki, ki rufe da 'yar ƙasa. Ki damƙi takin a hannu: ya yi danshi, amma kada ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu. Nama, ƙashi, kifi da ragowar miya mai mai, kada su kusanci wurin, su ne ke gayyato ɓeraye. Kashin kare da na mage ma haka. Duk mako ɗaya ko biyu ki sa yara su juya shi da shebur. Da rani rami ya fi, a inuwa, don iskar hunturu busar da tsibi take yi. Da damina kuwa a tara a kan tudu a rufe da tsohon buhu. Ki roƙi maigida ya ba ki mako biyu, warin zai kwanta. Cikin wata biyu zuwa uku, in sha Allahu, za ki ɗebi taki baƙi mai ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya jiƙa.

Wani matashi daga Kano yana tambaya ko ya sayi kwalbar "maganin ruɓar da taki" da ya gani ana talla a Facebook.

A'a. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shara suna nan kyauta a cikin kashin dabbobi da ƙasar gadinarka. Riƙe kuɗinka ka sayi shebur mai ƙwari.

Wani malamin makaranta daga Funtuwa ya ce: "Ba ni da lokacin haɗawa. Ina ganin masu sayar da furanni a bakin titi da buhunan takin gargajiya. In saya?"

Malam, nan ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Akwai masu gaskiya a cikinsu, amma buhu ba ya magana. Da yawa abin da ke ciki ƙasar bola ce aka tankaɗe, aka cuɗa da toka da ƙasar kwata don ta yi baƙi. Baƙi kuma ba shi ne taki ba. Bolar birni ta yau ba jujin kakanninmu ba ce, wanda toka ne da kashin jaki da shara kawai. Yanzu akwai leda, fasasshiyar kwalba, ruɓaɓɓen batir, allura, baƙin mai. Dalma da ire-irenta ba sa ruɓewa, suna zaune a ƙasa, ganye kuma yana iya ɗauka, sannan a yanka alayyahun a kai wa yara. Abin da ke ba ni mamaki, mutum zai tsaya ya ɗanɗana gari kafin ya auna mudu, amma ya ɗauki buhun taki ko bakinsa bai kwance ba.

In dole sai ka saya, ka sa a zazzage buhun a gabanka, don na kirki a sama ake ɗora shi. Ka shinshina. Warin fitsari ko tsami na nufin bai nuna ba, zai ƙone maka shuka. Ka zuba cikin hannu guda a gorar ruwa ka girgiza: yashi zai nutse nan take, ka ga nawa ka biya don yashi. Kafin ka zuba a gadina, shuka wake kaɗan a gwangwani ka jira mako guda. In mai kaya ya hana ka dubawa, ka yi gaba. Ni dai da za ka ji tawa, ka je wurin mai kiwon da ka sani ka sayi kashin awaki ko na kaji, ka tara, ka jiƙa, ka bar shi ya huce wata biyu ko fiye. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, kada ka kai shi gindin shuka.

Wata 'yarmu daga Maraɗi ta tsorata da gara da gwazarma a cikin takinta, tana tambayar maganin feshin da za ta saya.

Haba 'yata, ma'aikatanki za ki fesa wa guba? Manoman Tawa a Nijar masu haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, suna zuba taki a ramukan, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. In gara ta yi yawa, takin ne ya bushe, ƙara ruwa. Sai dai ki nisanta shi da azara da ƙofar katako. Gwazarma kuwa, ki tsince ta lokacin tankaɗe ki watsa wa kaji.