Amsa ga ɗana kan rigar mai gwalo

Ɗana, saƙonka ya iso ni tun ranar Laraba, amma na bari sai da zuciyata ta kwanta kafin in amsa. Ka ce wani tsohon hoton taubashiyarka ya zaga dangi, tana tsaye cikin taron Turawa a Landan sanye da baƙar riga mai zanen baki yana gwalo, ni kuma ina gefenta da hulata. Ka ce an tambaye ka ko alamar ƙungiyar asiri ce. Sannan ka ɗora da taka tambayar, wadda ita ce ta tsaya mini a rai: "Kawu, wai ku ɗin nan har yanzu Hausawa ne?" Na san da wasan taubasantaka ka fara, amma inda ka ƙare ya wuce wasa.

Rigar ta kakanta ce, mahaifin uwarta. Zanen kuwa tambarin wata ƙungiyar makaɗa ce da ake kira Rolling Stones. Wani ɗalibin makarantar zane mai suna John Pasche ne ya yi shi a 1970, aka biya shi fam 50, kuma ya ce bakin shugaban mawaƙan, Mick Jagger, ya kalla ya zana, da nufin nuna ƙin jinin a taka mutum. Ni ma ban taɓa son zanen ba, domin a gidanmu yaron da ya yi wa babba gwalo ya san abin da zai biyo baya. Sai dai ba na so ku tsaya kan zane ku bar mutumin da ya sa rigar shekara da shekaru.

Tun 1991 nake zaune a Dartford, gari ne a yankin Kent, ƙasa da awa ɗaya daga tsakiyar Landan a jirgin ƙasa. A tashar garin, a dandamali na 2 inda na yi shekaru ina jiran jirgin safe, akwai shuɗin allo a manne. A nan ne ranar 17 ga Oktoban 1961 wasu samari biyu 'yan garin suka haɗu, Jagger mai shekara 18 da Keith Richards mai 17. Sun yi firamare ɗaya, suka rabu, sai ga su a wannan safiya, ɗaya zai tafi jami'ar koyon tattalin arziki ta Landan, ɗaya zai tafi makarantar zane da jita a hannu. Abin da ya haɗa su hira fayafayan garmaho ne da Jagger ya rungumo, na baƙaƙen fatar Amurka, Chuck Berry da Muddy Waters, waɗanda a lokacin sai an yi odar su daga Shikago. Wata tara bayan haka, ranar 12 ga Yulin 1962, suka yi wasansu na farko a wani gidan kiɗa mai suna Marquee a Landan, tare da Brian Jones da Ian Stewart. Bill Wyman ya shigo a ƙarshen shekarar, mai ganga Charlie Watts ya biyo a Janairun 1963. Sunan ƙungiyar ma daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi. Ma'anarsa dutsen da ke gangarawa, wato mutumin da bai zauna wuri ɗaya ba, ɗan yawon duniya. Sunan da wasu a gida suke kiranmu da shi ke nan idan mun juya baya.

Duk wannan a falon surukina na koye shi. Ranar da aka fara kai ni gaishe shi, a 1989, mutumin nan bai ce mini ci kanka ba. Ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, hannuwansa duk kanta, kuma a fili yake bai so 'yarsa ta kawo baƙin mutum gida ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, sai ya daburce, ya ɗauka wani abu na yar a ƙasa. Muka zauna shiru ana shan shayi. Can ya tashi ya zaro faifai daga jakarsa ta kwali, ya hure ƙura, ya goge da hannun rigarsa, ya ɗora allura a hankali kamar mai saka wa jariri kwalli. Ina jin ya yi ne don ya huta da shirun. Da kiɗan ya tashi sai na ji ganguna a ƙarƙashin jitar, irin bugun da kunnena ya sani, na ce masa wannan hannun ɗan Afirka ne. Ya juyo ya kalle ni sosai, karo na farko. Ya ce ɗan Gana ne, Rocky Dijon, ta yaya na gane? Daga nan bakinsa ya buɗe, sai da na kusa rasa jirgin ƙarshe.

A daren ne ya ba ni labarin 5 ga Yulin 1969. Kwana biyu kafin ranar an tsinci gawar Brian Jones a tafkin wanka na gidansa, yana da shekara 27, bayan ƙwaya da giya sun riga sun cinye shi har abokan sun sallame shi daga ƙungiyar. Wasan kyauta da aka shirya a filin Hyde Park sai ya koma zaman makoki. Mutane sun haura dubu 250. Jagger ya fito cikin fararen kaya ya karanta baitocin makoki, aka saki fararen malam-buɗe-littafi. Surukina yana wurin, da matar da zan aura a kafaɗarsa tana 'yar shekara biyar. Abin da ya fi tunawa shi ne ƙarshen wasan, lokacin da Ginger Johnson, ɗan Najeriya mazaunin Landan, ya hau dandali da tawagarsa ta masu ganga. Ya ce tun daga ranar ya san kiɗan da yake ƙauna ba daga Ingila ya faro ba.

Su ma makaɗan ba su ɓoye wannan ba, kuma a nan suka samu girma a idona. A 1964 sun je har Shikago sun ɗauki waƙoƙi a kamfanin Chess, inda iyayen gidansu a kiɗa suke aiki. A 1965, da aka gayyace su wani shirin talabijin a Amurka, sai suka ce dole a sa Howlin' Wolf, baƙin dattijon da yawancin fararen ƙasarsa ba su san da shi ba, suka zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa yana waƙa. Wasu masana suna danganta wannan salon kiɗa na baƙaƙen Amurka da yadda ake jan murya da kaɗa molo a yankinmu na Sahel, ta hanyar bayin da aka kwashe. Ni dai na sa wa surukina kaset ɗin Ɗan Maraya Jos, ya saurari kuntigin nan mai tsirkiya ɗaya har ƙarshe, ya ce a mayar daga farko.

Kada ka ɗauka ina wanke su. A 1967 an kama Jagger da Richards kan ƙwaya har sun kwana a kurkuku. A Disambar 1969, a wani wasansu a Altamont ta Amurka, 'yan daban babur da aka ba tsaro sun kashe wani baƙin saurayi a gaban dandali. A 1971 sun tsere kudancin Faransa saboda haraji. Akwai waƙoƙinsu da ban yarda a sa a gidana ba, 'ya'yana kuma sun san su wane ne. Maganar hukuncin kiɗa a addini kuwa malamai sun daɗe suna yinta, kuma a Kano ma ba a gama ta ba. Mahaifina, kakanka, bai taɓa rasa jam'in asuba ba, amma rediyonsa ba ya mutuwa idan Shata na waƙa.

Abin da surukina yake girmamawa a cikinsu zaman tare ne. Gwaninsa Ian Stewart ne, mai fiyano. A 1963 manajansu Andrew Oldham ya cire shi daga jerin 'yan ƙungiya don a ganinsa siffarsa ba ta dace da hoto ba. Mutumin bai yi zuciya ba. Ya ci gaba da tuƙa musu mota, yana ɗaukar kaya, yana kaɗa musu fiyano daga gefe, har ya rasu a Disambar 1985. Jagger da Richards kuwa sun yi faɗan da har jaridu suka gaji, daga 1982 zuwa 1989 ba su fita rangadi tare ba, suka dawo suka ci gaba. Mick Taylor ya zo ya tafi, Ronnie Wood ya shigo a 1975 ya zauna, Wyman ya ajiye a 1993. Charlie Watts, wanda ya auri matarsa a 1964 kuma bai sake ta ba har mutuwa ta raba, ya rasu ranar 24 ga Agustan 2021 yana da shekara 80. Da labarin ya fito surukina ya kira ni a waya, bai iya cewa komai ba, ni ma na yi shiru na bar shi ya yi kukansa. Bai cika wata shida ba shi ma ya bi.

Yanzu ka ji yadda Hausawan da kake tambaya a kansu suka yi. Ba mu da yawa a nan, kuma ba duka daga Najeriya muke ba. Akwai 'yan zangon Kumasi da na Nima, akwai na Damagaram da Maraɗi, akwai waɗanda kakanninsu suka tsaya a Sudan kan hanyar Makka. Muna da asusun da kowa ke zubawa don ranar mutuwa, domin kabari a nan da kuɗi ake sayensa, kuma ba mu taɓa barin gawar ɗan'uwa ta kwana a hannun hukuma don rashin mai ɗauka ba. Surukina ba Musulmi ba ne, ba mu yi masa sallah ba. Amma ranar da aka ji, kafin la'asar gidan ya cika. Mata suka shigo da kuloli na tuwo da miyar kuka da waina, maza suka jeru a falo, kwana uku ana zuwa ana yi wa matata gaisuwa. Maƙwabta Turawa, waɗanda al'adarsu kati ne da fure, suna leƙowa suna tambaya ko wani babban mutum ne ya mutu. Wata tsohuwa 'yar Kumasi ta riƙe hannun surukata har ta yi barci, alhali babu wadda ke jin yaren wata sosai.

Ka san auren nan bai zo da sauƙi ba. Kakarka ta yi shekara biyu ba ta amsa wasiƙata. An ce mata Baturiya za ta raba ni da salla, ta kwashe 'ya'ya. Matata ta musulunta bayan shekara bakwai da aurenmu, da ƙafarta ta je masallacin Regent's Park ba tare da na sani ba, kuma ita ta yi jinyar Hajiya wata huɗu lokacin da ta zo aikin ido, har Hajiya take kiranta 'yata. Duk da haka, har gobe idan mun zo gida akwai masu cewa "matar nan taku", kamar ba ta da suna. 'Ya'yanmu a nan suna auren juna, suna auren Somaliyawa da 'yan Fakistan da Turawan da suka musulunta, kuma kowane aure sai an yi mana ƙorafi daga gida. Amma sau uku ana aiko wa taubashiyarka da masu neman aure daga can, biyu daga cikinsu tambayar farko da suka yi ita ce ko tana da fasfon Ingila. Wannan ya yi mini ciwo fiye da duk abin da Bature ya taɓa faɗa mini.

Fayafayan kakanta da rigar nan ita ya bar wa. Da ƙungiyar ta sanar da wasan cika shekara 60 a Hyde Park a 2022, ita ta sayi tikiti uku daga albashinta. Ta ɗora rigar a kan doguwar rigarta mai dogon hannu, ta yafa mayafinta, wanda na lura babu wanda ya ambata cikin masu yaɗa hoton. Muka yi la'asar a kan ciyawa kafin mu shiga. Kafin a fara sai aka haska hotunan Charlie Watts a manyan alluna, uwarta ta fashe da kuka a filin da ubanta ya ɗauke ta a kafaɗa shekara 53 da suka wuce. Ni ban je don Jagger ba, ko da yake ganin mutum mai shekara 78 yana zagaye dandali da gudu awa biyu abin mamaki ne. Na je ne don mutumin da ya ba ni 'yarsa bayan ya ƙi, kuma da zan sake samun dama zan sake zuwa da hular nan.

Inda tambayarka ta same ni da gaske wani wuri ne daban. Harshe. Taubashiyarka tana jin Hausa sarai, tana gaisuwa, tana ciniki a Peckham idan mun je sayen daddawa da kuɓewa, amma idan magana ta yi zurfi sai ta koma Turanci. Ƙaninta ya fi ta rauni. Laifina ne a wani ɓangaren, domin shekarun da ya kamata in zauna in yi musu tatsuniya ina aikin dare. Amma ku ma akwai naku. Da ta zo Kano tana 'yar shekara 12, duk lokacin da ta buɗe baki sai a kwashe da dariya a ce a zo a ji Hausar Baturiya, har ta daina magana gaba ɗaya. Ta dawo nan ta yi shekara ba ta ce mini "ina kwana" ba.

A watan Disamba za ta zo, ita kaɗai, da kuɗinta, don tana so ta ga kabarin Hajiya ta kuma zauna da uwarka ta koyi dambun nama. Ka je ka tarbe ta a filin jirgi. Ka tsokane ta yadda taubasai suke yi, tana da bakin ramawa, amma idan ta yi kuskure a magana ka gyara mata a hankali, kuma kada ka juya mata zuwa Turanci ko da ta roƙe ka. Ta ce in tambaye ka ko har yanzu ana samun kaset ɗin Shata a kasuwa, tana so ta ajiye su tare da fayafayan kakanta. Ka gaida mini ƙanwata, ka ce mata man zafin da ta ce a aiko yana cikin kayan.