Ƙara alminiyom cikin magnesiyom: ƙarfi ko tsagewa?

Malam, tambayarka ita ce ko yawan alminiyom a cikin magnesiyom na ƙara masa ƙarfi. Eh, yana ƙarawa, amma yana cinye laushinsa. Dubi AZ91, wani haɗin ƙarfen magnesiyom: alminiyom kusan kashi 9 cikin ɗari, tutiya kusan kashi 1. Yana da tauri, yana cika mazubi da kyau, sai dai in ya sha duka tsagewa yake yi maimakon lanƙwasa. Shi ya sa ƙashin sitiyarin mota ake yin sa da irin haɗin AM60, mai alminiyom kashi 6 kawai.

Sharaɗin shi ne zafi. Ranar Sakkwato, duk da zafinta, ba ta yi masa komai, amma da zafi ya wuce digiri 120 na Salsiyos sai AZ91 ya fara saki a hankali, ka ga noti ya kwance da kansa. Kuma kada ka ce tunda alminiyom na ciki za ka yi walda da sandar alminiyom. Na taɓa gwadawa a murfin injin yankan katako, wurin ya yi kyau a ido, da na ƙwanƙwasa ya ɓalle kamar kwalba. Kafin ka yi walda, ɗiga wa ƙarfen ruwan khal tukuna don ka gane irinsa: in ya yi kumfa, magnesiyom ne.