Wuyan da ba a ji komai a cikinsa ba

Jiya da muka fito daga tiyata ka tambaye ni, wai tunda kansar a gefen harshe take, mun lalube wuya ba ƙullutu, hoto ma bai nuna komai ba, me ya sa muka tsaga wuyan bawan Allah. To ƙanena, saurara.

Kansar baki in za ta yi tafiya a kaluluwar wuya take fara ya da zango, kuma cikin mutum 10 masu wuyan da ake gani lafiya lau, 2 zuwa 3 tana nan a ɓoye, yatsa ba zai ji ba, sikanin ba zai gani ba. Da can wasu cewa suke a zuba ido kawai, in ta fito a cire. Asibitin Tata Memorial na Indiya suka gwada hanyoyin biyu, sakamako ya fito a 2015, waɗanda aka yi wa aikin cire kaluluwar wuya tun farko kashi 80 cikin ɗari na raye bayan shekara 3, waɗanda aka jira kuwa 67.5. Ni dai in zurfin ƙarin ya kai milimita 3 ko 4 ba na ƙyale wuya wallahi.

Amma fa ba kwashe komai ake ba. Aikin Crile, wani likitan fiɗa na Amurka, na 1906 har da babbar tsokar wuya ake haɗawa, da jijiyar da ke dawo da jini daga kai, da wadda ke ɗaga kafaɗa, sai mutum ya rabu da cuta amma kafaɗa ta zube, sa riga ma ya zame masa aiki. Yanzu ba ma taɓa su sai in cutar ta manne musu. An kasa kaluluwar wuya mataki-mataki; irin na jiya cire mataki na 1 zuwa na 3 ya wadatar, in kaluluwa ta riga ta kamu sai a gangara 4 ko 5, in ƙarin ya taɓa tsakiyar baki kuma gefe biyu za a yi.

Jijiyar kafaɗar nan ita nake so ka riƙe. Ka nemo ta da idonka a saman babbar tsokar wuyan ta ɓangaren ciki kafin ka yanke komai, kar ka ja ta da ƙarfi, kar ka kai wuta kusa da ita. Yankan fata kuma ka sauko yatsa biyu ƙasa da muƙamuƙi, in ba haka ba leɓen ƙasa ya karkace. Aiki na gaba kai za ka nemo ta, ina tsaye kusa da kai.