Sayen gida a bene tun ana gininsa: in biya ko in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Zango, nan Damagaram. Akwai wani bene da ake ginawa a bakin titi, an ce ƙasa shaguna ne, hawa na biye ofisoshi, sama kuma gidajen kwana da za a sayar wa mutane ɗai-ɗai. Mai ginin ya ce in na biya kuɗin duka tun yanzu zai yi mini ragi. To, yaya mutum zai mallaki gida a sama alhali ƙasar ba tasa ba ce? Kuma kana ganin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙasar taka ce, amma ba taka kai kaɗai ba. A irin wannan gini abu biyu kake saye a ciniki ɗaya. Ɗakunan da ke bayan ƙofarka naka ne, ka zauna ciki, ka ba da haya, ko ka sayar. Filin kuwa, da tushen gini, da ginshiƙai, da matakala, da rufi, da tankin ruwa, na tarayya ne, kowa da kasonsa gwargwadon girman wurinsa. Ke nan shiga tarayya ce da mutanen da ba kai ka zaɓe su ba, har da mai shagon ƙasa da mai ofis. Mu da muka saba da gida mai zaure da katanga, mutum ya tashi ya ƙara ɗaki ba tare da ya tambayi kowa ba, wannan sabon zama ne.

Saboda haka takarda za ka fara nema. Takardar fili ta ma'aikatar magajin gari ba ta isa ba a nan. Ka ce a nuna maka titir fonsiye, wato takardar cikakkiyar mallakar fili da aka yi wa rajista a hukuma, da sunan wanda zai sayar maka a kai, sannan notarka, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta ciniki ya tabbatar da shi, ya je ofishin rajistar filaye ya duba ko an jinginar da filin a banki. Masu manyan gine-gine sukan ci bashi da filin, wannan ba laifi ba ne, amma in bashin ya gagara biya, banki filin ya sani, bai san ka ba. Ka ga takardar izinin gini, ka ƙirga hawa nawa aka amince, ka gwada da abin da ke tsaye. Sai takardar ƙa'idar tarayya, wadda ke faɗin kason kowa, da abin da zai riƙa biya duk wata na gadi da shara da gyara, da irin sana'ar da aka yarda a yi a ƙasa. In ba a rubuta ba, wata rana injin niƙa ne zai tashe ka daga barci kuma ba ka da bakin magana.

Inda na fi so ka tsaya shi ne ruwa, don nan Damagaram ce. Garin kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma kowa ya san yadda ake kwana jiran famfo da bazara. Ruwan da da ƙyar yake fitowa a tsakar gida ba zai hau hawa na huɗu da kansa ba. Sai an yi tanki a ƙasa mai tara ruwa, da injin da zai tura shi sama, da wani tankin a kan rufi. Ka tambaya lita nawa kowanne yake ɗauka, kwana nawa zai riƙe mutanen gidan in famfo ya ɗauke. Lita 1,000 nauyinta tan ɗaya ne, don haka tankin lita 10,000 a kan rufi tan goma ne, dole injiniya ya sa shi cikin lissafi tun daga tushe. Kuma a raba mita: ofis yana tashi da yamma, iyali kuwa wanki da girki ba sa tsayawa, mita ɗaya rigima ce.

Ƙarancin ruwan nan yana shiga har cikin kankare. Siminti yana so a riƙa shayar da shi aƙalla kwana 7 bayan an zuba, ƙarfinsa kuma a kwana 28 ake auna shi. In garuwa ya yi tsada, ban-ruwan nan ake fara yi wa ƙwauro, kuma in an shafe bango an yi fenti ba mai ganewa. Ka je wurin yanzu da ba a yi shafe ba, tare da injiniyan da kai ka ɗauko. Ku dubi ginshiƙi kusa: in ka ga ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa a waje, ko rodi ya leƙo yana tsatsa, ko ka goga gefen da ƙusa yana zuba, to aikin bai yi ba.

Wuta ma haka. Ba mu manta 2023 ba, da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana lantarki. In ginin da lif, a faɗa maka me zai tayar da shi da injin ruwa ranar da kamfanin lantarki NIGELEC ya ɗauke wuta, janareta ko sola, kuma wa zai sayi mai. A tabbatar ƙofar iyali daban take da ta masu zuwa ofis, don matan gida ba za su so cuɗanya da baƙi a matakala ba.

Batun biya duka kuwa, ban ba ka shawara ba, ko ragin nawa ne. Sayen abin da za a ƙera maka nan gaba ciniki ne sananne, malamai suna kiransa istisna'i, kuma sharaɗinsa a fayyace siffar abin da farashinsa. Ka biya kashi-kashi: wani in an gama tushe, wani in an zuba rufin hawanka, wani in ruwa da wuta sun shiga, ka riƙe na ƙarshe sai makulli ya zo hannunka. A rubuta wannan gaban notar, da lambar gidanka da faɗinsa a mita, da ranar miƙawa, da abin da za a mayar maka in ranar ta wuce gini bai ƙare ba. In mai ginin ya ƙi zuwa wurin notar, ka riƙe kuɗinka.