Wane ne lamba ɗaya, wane ne lamba biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka. Duk watan Oktoba sai in ga an fito da jerin gwanayen 'yan baya, waɗanda ake kira gad, tun ba a soma kakar wasa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ɗan wasa guda, wannan jeri ya sa shi cikin masu raba ƙwallo, wancan kuma ya sa shi cikin masu jefawa daga nesa. Wa ke yanke matsayin ɗan wasa? Kuma yaya ake fifita wani a kan wani alhali ba a buga ko wasa ɗaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, don na daɗe ina musu da abokai a kan wannan.

Babu wanda ke yankewa. Dokar wasan ta ce mutum biyar a fili, ba ta ce wane ya tsaya ina ba. Sunayen nan al'ada ce ta kociyoyi, su ne suka saba ƙirga matsayi daga ɗaya zuwa biyar. Lamba ɗaya shi ne madugu: ya ɗauko ƙwallo daga baya, ya kira tsarin da za a bi, ya miƙa wa wanda ya fi samun sarari. Lamba biyu aikinsa ya kuɓuce wa mai tsaronsa, ya karɓa, ya jefa. Sauran ukun sun fi kusa da kwando. Jami'o'i da yawa ma ba sa rarrabewa, a takardar 'yan wasansu gad kawai suke rubutawa, sai marubuci ya zaɓi inda zai ajiye mutum. Daga nan saɓanin da ka gani ya samo asali.

Jerin da ya fi kama da na hukuma shi ne na zauren tunawa da gwanaye na Naismith da ke Springfield a jihar Massachusetts. Tun 2004 suke ba gwarzon lamba ɗaya kyautar Bob Cousy, Jameer Nelson na Saint Joseph's ne ya fara karɓa. A 2015 suka ƙara kyautar Jerry West ta lamba biyu. Kafin kowace kaka sukan fitar da sunaye 20 a kowane matsayi, a yi ta tankaɗe da rairaya har a kai ga mutum ɗaya. To dubi wanda ya fara cin ta lamba biyun: D'Angelo Russell na Ohio State. A shekarar nan Lakers ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, gasar ƙwararru, kuma a can madugu ya zama. Mutumin bai sauya ba, abokan wasansa ne suka sauya.

Misalin da na fi so shi ne na Stephen Curry a kwalejin Davidson. Shekara biyunsa na farko lamba biyu yake bugawa, domin akwai Jason Richards, wanda a kakar 2007 zuwa 2008 ya fi kowa a ƙasar miƙa ƙwallon da ake jefawa a kwando. A gasar kofin ƙasa ta jami'o'i da ake yi a watan Maris, a 2008 suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, suka haɗu da Kansas. Saura daƙiƙoƙi, ana bin Davidson maki biyu, kocinsu Bob McKillop ya danƙa ƙwallo a hannun Curry tun daga baya. 'Yan Kansas suka rufe shi, ya miƙa wa Richards, Richards ya jefa daga nesa bai samu ba, aka tashi 59 da 57. Na sha komawa in kalli wannan wuri. A lokacin da abu ya yi tsami, mai jefawa ne ya yi madugu, madugu kuma ya yi jifa. Da Richards ya kammala karatu, Curry ya karɓi lamba ɗaya gaba ɗaya, kuma duk da haka shi ya fi kowa cin maki a ƙasar a kakar 2008 zuwa 2009. Irinsa ne ake ce wa mai ɗaukar biyun, kuma yanzu sun cika fili.

Kada tsayi ya ruɗe ka. Magic Johnson ƙafa 6 da inci 9 ne, kuma shi ke raba ƙwallo lokacin da Michigan State ta ci kofi a 1979. Markquis Nowell na Kansas State bai kai ƙafa 6 ba, amma a 2023 ya miƙa ƙwallo 19 da aka ci a wasa guda da Michigan State. Wani lokaci ma larura ce ke rushe lissafin: da Curtis Sumpter ya ji rauni a gwiwa, koci Jay Wright ya zuba 'yan baya huɗu lokaci guda a Villanova, Randy Foye da Allan Ray da Kyle Lowry da Mike Nardi, suka kai zagayen takwas a 2006. A cikin huɗun nan dole wani ya tsare ƙaton da ya fi shi tsayi nesa ba kusa ba. Lamba nawa za ka ba shi?

Ni dai ma'aunina biyu ne. A ƙwallon maza na jami'a daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta jefa. Idan saura goma kuma tsari ya watse, wa abokansa ke nema da ido? Wannan shi ne lamba ɗaya, ko me aka rubuta a gaban sunansa. Na biyu, idan ƙwallo na hannun abokan hamayya, wa yake tsarewa? Kociyoyi da yawa ta nan suke sanin matsayin mutum, kuma ina ganin sun fi mu gaskiya.

Sai tambayarka ta biyu. Jerin kafin kaka hasashe ne, ana gina shi a kan abin da mutum ya yi bara, da darajar da aka ba sababbin shiga tun suna sakandare, da kuma sunan jami'a, wanda yake da nauyi fiye da yadda ya kamata. Ja Morant yana Murray State, makarantar da ba kasafai ake haska wasanta ba, amma a 2019 shi ya ɗauki kyautar Cousy da matsakaicin maki 24.5 da miƙawa 10 a kowane wasa. Abin ya ƙara wuya tun 2021, da aka bar ɗalibi ya sauya jami'a ya soma wasa nan take ba tare da zaman shekara guda ba. Wanda ƙwallo ba ta barin hannunsa a ƙaramar makaranta zai iya komawa babba ya tarar da mai ita, alƙaluman bara kuwa ba za su gaya maka yadda zai yi da jira ba.

Ko a kan ƙungiya sukutum hasashen na iya kuskurewa. North Carolina ta soma kakar 2022 zuwa 2023 a matsayi na ɗaya a ƙuri'ar 'yan jarida ta kamfanin dillancin labarai na AP, da 'yan bayanta Caleb Love da RJ Davis waɗanda suka kai ta wasan ƙarshe watanni kaɗan kafin nan. Da Maris ya zo, ko gurbi ba ta samu ba cikin ƙungiyoyi 68 na gasar kofin ƙasa.

Ban ce ka yi watsi da jerin ba, ni ma ina karantawa, domin ƙungiyoyin jami'o'in da ke matakin farko sun haura 350 kuma ba mai iya kallonsu duka. Ka ɗauki sunaye biyar ko shida daga ciki, ka bi wasanninsu na Nuwamba da Disamba, ka lura da wanda ake nema idan agogo ya kusa cika. Zuwa Janairu, lokacin da aka shiga wasannin da jami'o'i ke yi da 'yan rukuninsu sosai, sai ka sake rubuto mini wanda ka gani yana riƙe da lamba ɗaya, mu gwada da nawa.