Wace ƙa'idar kare muhalli ce ta hau kan gininka? Amsar lauya ga mai tambaya

Wani mai karatu ya rubuto cewa ya sayi tsohon ginin ofisoshi mai hawa uku, yana gyara shi tare da ƙara hawa ɗaya da rancen banki. Aiki ya kai rufi sai jami'in duba gine-gine ya ƙi sa hannu, ya ce abin hana zafi da aka shimfiɗa da gilashin tagogi ba su cika ƙa'idar tattalin makamashi ba. Banki ma ya riƙe kashi na gaba na kuɗin har sai an nuna masa ana kan hanyar samun shaidar EDGE, wato takardar da ke tabbatar da cewa gini yana tattalin makamashi da ruwa. A ganinsa duk waɗannan ƙa'idoji na ganin dama ne, kuma ba su shafi tsohon gini ba, don haka yana son ya kai hukuma kotu, ya kuma dakatar da biyan ɗan kwangila.

Malam, abin da zan faɗa ya dogara ne a kan bayaninka kaɗai, kuma takardun da ke hannunka suna iya sauya amsar. Duk da haka, ina ganin ka haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai dokar gini da hukumar wurin da filinka yake ta kafa, akwai kuma tsare-tsaren ba da shaida, irin su BREEAM da aka fara a Birtaniya a 1990, da LEED na Amurka, da EDGE na hukumar IFC da ke ƙarƙashin rukunin Bankin Duniya. Kana da gaskiya cewa waɗannan tsare-tsare a kan kansu ba doka ba ne. Sai dai abin da yake na ganin dama yana zama wajibi a ranar da mutum ya sa hannu a kansa. Idan yarjejeniyar rancenka ta ambaci EDGE, wanda ke buƙatar a rage aƙalla kashi 20 cikin ɗari na makamashi, da na ruwa, da na hayaƙin carbon da kayan gini ke jawowa wajen sarrafa su, to da wuya wata kotu ta sauke maka nauyin don kawai gwamnati ba ta tilasta shi ba. Irin wannan sharaɗi yakan shigo ta takardar izinin gini ko ta yarjejeniyar haya, kuma mutane sun fi mantawa da shafin sharuɗɗan da ake liƙawa a bayan izini.

Game da dokar gini kuwa, tambayar farko ita ce wa ke da hurumi a kan filin, ta biyu kuma wane bugu na ƙa'idar ya amince da shi. A Amurka, misali, ana sabunta kundin ƙa'idar tattalin makamashi na IECC duk shekara uku, amma ba shi da ƙarfin doka sai jiha ko birni ya karɓe shi, shi ya sa maƙwabtan jihohi biyu za su iya aiki da bugu daban-daban. Kalifoniya ta mai da ƙa'idarta ta CALGreen wajibi tun 2011, kuma ta bar wa ƙananan hukumomi damar ƙara tsauri. Saboda haka karanta dokar ƙasa kaɗai ba ya wadatarwa.

Maganar cewa ginin tsoho ne ita ce mafi rauni a hujjojinka. Galibi ba a tilasta wa tsohon gini ya bi sabuwar ƙa'ida muddin an bar shi yadda yake, amma kariyar tana raguwa da zarar an taɓa shi sosai. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 kan amfani da makamashi a gine-gine ta bar wa ƙasashe su ɗauki gyara a matsayin babba idan kuɗinsa a kan bango da rufi da na'urori ya wuce kashi 25 cikin ɗari na darajar ginin ban da fili, ko kuma idan ya shafi fiye da kashi 25 na jikin ginin na waje. Mizanin wurinku yana iya bambanta, amma a mafi yawan tsare-tsare sabon hawa ana kallonsa ne a matsayin sabon gini, ko da na ƙarƙashinsa ya shekara arba'in.

Inda kake iya samun madafa shi ne kwanan wata. A wurare da yawa bugun da ke aiki shi ne wanda yake a ranar da aka shigar da takardar neman izini. Ka buɗe zanen da aka amince da shi, ka duba hatimin hukuma da kwanan watan da ke gefensa, ka kwatanta da ranar da sabuwar ƙa'ida ta fara aiki da tanadinta na riƙon ƙwarya. Idan jami'in yana auna ka da bugun da ya fito bayan ka shigar da takardunka, mai yiwuwa kana da hujja. Amma idan izinin ya ƙare aka sabunta, ko kuma hawa na huɗu ya shigo ta gyaran zane daga baya, wannan hujja tana iya kuɓucewa.

Ba na ba ka shawarar riƙe kuɗin ɗan kwangila a yanzu. Idan ya gina abin da zane ya nuna, laifin ya fi karkata ga mai zanen, wanda, a gaskiya, ya kamata ya tantance wannan tun kafin a fara aiki. Abin mamaki ne a ce ƙwararre ya bari sai a rufi maganar ta taso. Ko shi ma alhakinsa ya danganta da lafazin yarjejeniyarku, domin akwai bambanci tsakanin wanda ya yi alkawarin samun shaida da wanda ya yi alkawarin yin aiki da ƙwarewar da ta dace. Riƙe kuɗi ba bisa tanadin kwangila ba yana iya mai da kai wanda ya saɓa yarjejeniya, ya ba ɗan kwangila damar ajiye aiki da neman diyya.

Kotu ma ba ita ce ƙofar farko ba. Yawanci sai an bi hanyar ɗaukaka ƙara ta cikin hukuma, wa'adinta kuma gajere ne, saboda haka ka nemi dalilin ƙin sa hannun a rubuce tare da sashen da aka dogara da shi. Ƙa'idojin makamashi da dama suna yarda a auna ginin gaba ɗaya maimakon kowane ɓangare shi kaɗai, wato ƙarin kaurin abin hana zafi a rufi ko ingantacciyar na'urar sanyaya ɗaki na iya cike giɓin tagogi ba tare da an cire gilashi ko ɗaya ba. Ka sa injiniya mai zaman kansa ya yi wannan lissafi, sannan ka zauna da mai zane da ɗan kwangila da wakilin banki, da mai shiga tsakani idan yarjejeniyarku ta tanadi haka, ku daidaita wanda zai ɗauki kuɗin gyara da sabon wa'adi. Kada ka sa hannu a kan wata takardar sulhu da ta yafe wa mai zanen alhaki har sai lauyanka ya karanta ta kuma hukuma ta amince da gyaran a rubuce.