Amsoshin tambayoyinku: gilashin kallon husufi, madubin hangen nesa da Umrar 2027

Salamu alaikum jama'a. Tun da aka fara yaɗa maganar husufin rana na 2027 a WhatsApp saƙonni suka yi min yawa, toh ga waɗanda na tsinto, sauran ku yi haƙuri sai wani makon.

Wata baiwar Allah daga Zariya tace: "Baba, in wata ya yi husufi sai na nemi wani gilashi kafin na kalla? Yarana suna son gani."

A'a 'yata, ko sisi kar ki kashe. Hasken wata aro ne daga rana, ba ya cutar da ido, kuma lokacin husufi ma inuwar duniya ce ta faɗa kanshi ya ƙara dusashewa. Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida ku zauna. Jan da zaki ga ya yi kamar garwashi, hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ke kewaye da duniya ya isa gare shi, irin jan da ake gani a sama da almuru. Na daren Juma'a 27 ga Yulin 2018 shi ne mafi tsawo a wannan ƙarnin, awa ɗaya da minti 43 wata yana rufe ruf, ni da ido kawai na kalle shi ina ta faɗa da gajimare don tsakiyar damina ce. Kuma ki sani baya faruwa sai wata ya cika, daren sha huɗu ko sha biyar, na rana kuma sai ƙarshen wata. Duk wanda ya turo miki cewa za a yi husufin wata ranar biyar ga wata ki goge saƙon.

Wani matashi daga Funtuwa yace: "Na ga wani a Facebook yana tallan gilashin kallon husufin rana irin na kwali, yace in na ɗauki dozin goma zai min ragi sosai. Ina so in saro in riƙa kaiwa makarantu. Ya ka gani?"

Ɗana zauna da kyau, don nan ne zan daɗe. Neman halal abu ne mai kyau kuma ban ƙi ka ci riba ba, amma abin da kake shirin sarowa ba cajar waya bace da in ta zama jabu mutum zai yi tsaki ya jefar ya sayi wata. Idon 'ya'yan mutane ne. Kuma abin da yasa nake tsoron wannan harkar fiye da ta jabun turare ko jabun man shafawa shi ne, can bayan ido inda hoto ke sauka ba ya jin zafi ko kaɗan, rana zata ƙona wajen yaro yana ta dariya yana nuna wa abokanshi, sai bayan awoyi ko washegari ya tashi yace yana ganin wani ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla, rubutu ya karkace, fuskar uwarshi tsakiyarta ta ɓace. Wani ya warware bayan watanni, wani kuma shikenan har tsufa. Babu tabarau ɗin likita da ke gyara wannan.

Ni na gani da idona. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, kwana kaɗan bayan an gama ƙidayar jama'a, ina Gusau, wajen goma da rabi na safe gari ya yi duhu kusan minti huɗu, kaji suka nufi akurki, iska ta yi sanyi, mutane na ta kabbara wasu na kuka, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Katsina ma sun samu cikakke. Toh a layinmu akwai wani da ya fito da tsohon hoton ƙirji na asibiti, wancan baƙin fim ɗin, ya ninka biyu yana ba mutane aro, shi kanshi ya fi kowa daɗewa yana kallo kafin rana ta rufe. Daga baya karatun jarida sai ya karkata kai gefe. Ya yi yawon asibiti ya gaji.

Saboda haka ku ji da kyau, duk waɗannan ba sa aiki: baƙin gilashin gayu komai tsadarshi ko ka jera biyar, fim ɗin asibiti, faifan CD, ledar biskit mai ƙyalli, gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, tintin mota, da kallon rana a cikin ruwan bahon wanki wanda iyayenmu suka saba. Suna rage hasken ne kawai har ido ya daina ƙiftawa, sai ka samu damar ƙura mata ido da kyau, illar kuma tana shiga. Gara ma wanda ba shi da komai, shi ko ya ɗaga kai dole ya sunkuyar.

Gilashin gaskiya akwai lambar ƙa'ida a jikinshi, ISO 12312-2. Amma kar ka ce ka ga lamba shikenan, mu da muka san yadda ake buga lambar NAFDAC a jikin maganin da aka haɗa a bayan shago, buga wannan a kwali wani aiki ne? A Amurka ma da aka yi husufin 2017 jabu ya cika kasuwa har Amazon ta riƙa mayar wa mutane kuɗinsu, balle kai da zaka saya wajen wanda ba ka san ko sunanshi na gaskiya ba, ka tura kuɗi ya sa a mota. Ka tambaye shi sunan kamfanin da ya ƙera, ka bincika da kanka. In ya fara ce maka "original ne wallahi oga" ba tare da suna ba ka kama gabanka. In kuma ɗaya ya zo hannunka ka gwada, ka saka a cikin ɗaki, bai kamata ka ga komai ba, baƙi ƙirin, ko ƙwan lantarki sai dai ɗan alama in mai ƙarfi ne sosai. In ka hango taga ko fuskar wani toh shara ne. In ya karce ko ya huje ko gefen ya ɓalle daga kwalin shima shara ne. Kuma ko ya ci wannan gwajin, abin da ka tabbatar kawai shi ne ba jabu na banza bane, ba ka tabbatar mai kyau bane, shi yasa ni bana son a saro daga majiyar da ba a sani ba a kai wa yara, sam.

Masu cewa gilashin walda, eh yana yi amma sai mai lamba 14, kuma yawancin wanda ke hannun masu waldar bakin titi bai kai wannan duhun ba, wasu ma lambar ta goge. Kar ka karɓa da ka.

In makarantu kake so ka taimaka ga hanya kyauta. Ka huda kwali da allura ko ƙusa siririya, ka juya wa rana baya, hasken ya bi ta hudar ya sauka kan farar takarda a ƙasa, zaku ga rana ƙarama an gutsure gefenta. Madambaci ma yana yi, kowace huda ta fitar da nata lauje. Mafi daɗi ka kai yaran gindin darbejiya su duba ƙasa, duk ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye zai koma kamar jinjirin wata, ɗaruruwa. Na yi haka a husufin rana na Nuwamban 2013 da na Satumban 2016 da muka samu rabi-rabi, yaran unguwa sun fi murna da wannan akan gilashina. Ka nemi wata sana'ar ka sa jarinka, wannan ka bar ta.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi yace ya tara kuɗi yana so ya sayi madubin hangen nesa mai ƙafa uku, ya ga wani an rubuta a kwalin yana ƙara girma sau 500 da wani abu.

Malam, wannan rubutun shi ne alamar farko ta kayan wasan yara. Abin dubawa faɗin bakin madubin ne, shi ke tara haske, ba yawan lambar da aka zana a kwali da hoton taurari masu kala ba. Irin waɗannan ƙafafunsu rawa suke, ka samo wata da ƙyar ka numfasa ya gudu, sati biyu ka jefa shi saman durowa. Ka fara da mai ido biyu irin na hannu, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinshi, ko na gwanjo ne in gilashin bai yi hazo ba kuma baya nuna abu biyu-biyu. Da shi zaka ga ramukan wata, ka ga kaza da 'ya'yanta sun ninka, husufin wata kuma ya fito maka tas. Ka sa Stellarium, manhajar da ke nuna taurari, a waya, akwai na kyauta. Amma ko da wasa kar ka nuna shi ga rana, ko kana sanye da gilashin husufi, don yana tattara hasken ne ya huda gilashin ya wuce cikin ido. Wasu masu arhar ma suna zuwa da wani ɗan baƙin murfi da ake ɗaurawa ta wajen ido wai na kallon rana, zafi na fasa shi farat ɗaya, ka cire ka jefa a masai tun ranar farko. Kuma ka ɓoye shi daga ɗalibai da rana.

Wani yace an turo mishi cewa za a yi duhun kwana uku, ya sayi kyandir da gari ya ajiye?

Haba bawan Allah. Husufin rana cikakke ko minti takwas baya kaiwa. Gari kam ka saya, iyali zasu ci.

Wata daga Kumasi tace tana da ciki wata shida, surukarta tace in husufi ya same ta a waje ɗan zai zo da tabo, ranar husufin wata na Satumban 2025 tana waje kafin ta sani a wani cikin da ya zube, yanzu tsoro ya hana ta barci.

Allah sarki 'yata, Allah ya mayar miki da alheri ya sauke ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, wancan ba husufi ne ya jawo ba kuma ba laifinki bane. Inuwa ce kawai, irin wadda kike shiga a gindin bishiya, mata nawa ne masu ciki suke waje a daren nan daga Afirka har Asiya suka haihu lafiya lau. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne, ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarshi, in an gani a yi sallah da addu'a. Kar ki yi jayayya da Hajiya, in tace ki zauna a ɗaki ki zauna don zaman lafiya, ba abin da zaki rasa. Amma kar ki sayi wani laya ko rubutu saboda wannan, kuɗin ki kai awo, kuma ki faɗa musu a asibiti cewa ba kya samun barci.

Na ƙarshe, wani Alhaji daga Kano yace dama yana da niyyar Umra, shin ya daidaita ta da husufin 2027 ko ɓata kuɗi ne?

Ranka ya daɗe in dai dama zaka je, ni ban ga aibu ba, har ina ɗan jin kishi. Ranar Litinin 2 ga Agustan 2027 ne, ƙarshen Safar, inuwar zata bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, ta tsallaka Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka da azahar, kusan minti biyar a Makka, a Luxor ta Masar kuma ya haura minti shida. Madina bata cikin layin, saboda haka ka duba jadawalin tafiyar da kyau kar ranar ta same ka a can ko a cikin bas. Mu nan gida wani sashe kawai zai rufe, kuma Agusta ce, ƙila hadari ya hana mu ganin komai, su kuwa can sama a wanke take sai dai zafi mai tsanani, in da tsofaffi a tawagar a yi tunani.

Sai dai ka yi hattara da masu shirya tafiya, na tabbata kafin lokacin za a fito da "Umrar husufi" a ɗora kuɗi a kai. Ka bi kamfanin da ka sani mai rajista da hukumar alhazai, ka karɓi komai a rubuce, kar ka biya duka tun yanzu. Ka tafi da gilashinka mai kyau daga gida kar ka tsaya saye a bakin titi, ana cire shi ne kawai lokacin da rana ta rufe ruf, da ɗan haske ya ɓullo a gefe a mayar. Kar ka ɓata mintunan wajen ɗaukar bidiyo da waya, farin ɗigo kawai zata nuna maka. Wanda kuma zai ci bashi ko ya sayar da fili don wannan ya dakata, na 20 ga Maris 2034 zai ratsa Najeriya daga wajen Legas ya wuce Kamaru da Chadi, in da rai kuɗin mota ya ishe shi.